A Ƙidaya Barakatu a Cikinku

Shekara goma sha bakwai ina tambaya guda a gidan nan, kowa sai ya sunkuyar da kai. To ni Idirisu Na'ibi na unguwar Ammariyya a Jidda, hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka ƙi. Maƙwabcina Abdulghani ke rubuta wasiyyar nan, don ban iya ba, kuma abin da ya cuce ni ke nan.

Na ɗaya. 'Ya'yana huɗu ne: Usuman, Rafi'u, Mastura, da auta Barakatu. Wanda ya ce uku, ban yafe ba. Da uwarku ta rasu, ina gadi a gidan injiniyan nan ɗan Ostiriya a Abhur. Matarsa ba ta haihu ba, ta roƙe ni Barakatu. Na ba ta riƙo, yadda aka ba da ni wa gwaggona a Sudan: ka ci tuwon wani gida, sunan ubanka na nan, da salla a kawo ka gaisuwa. Suka kawo takarda, na danna yatsa. Ashe a wurinsu ba riƙo, sai kyauta har abada. Suka tafi da ita ƙasarsu.

Na biyu. Gida da shagon da Rafi'u ke riƙe a raba yadda shari'a ta ce. In malamai sun ce ba a san addininta ba, don haka ba ta gado, a fitar mata daga sulusina. Wannan nawa ne, halas.

Na uku. Adakar ƙarfe ta Mastura ce. A ciki akwai mujallu bakwai da Rafi'u ya samo wajen ma'aikatan jirgin ruwa. Ku duba 'yar'uwarku: katako biyu a ƙafa, sanda biyu a hannu, tana gangarowa daga dutsen ƙanƙara, wai ta fi mota gudu. Yarinyar da ko ruwan randa ba ta so! An karanta mini cewa sau uku a jere tana cinye matan yankinsu, ta karye a ƙafa, ta warke, ta koma ta sake ɗaukar kofi. Taurin kan nan nawa ne. Sun sauya mata suna, amma tabon murhu na nan a girarta ta hagu. A ta bakwai aka tambaye ta iyayenta na Jidda, ta ce an gaya mata sun mutu. Ni da nake nan ina shan shayi.

Na huɗu. Mastura, ki daina gaba da Luba matar Usuman. Ba ta shigo gidan nan ba sai bayan an gama ɓarnar.

Na biyar. Ku aika wa Barakatu takarda da harshen da take ji, da hotona na iƙama, takardar zamana a ƙasar nan. Ba kofinta nake so ba. Ta san dai ba a jefar da ita ba.

Allah ya yi muku albarka ku huɗu, ya haɗa kanku, kada gidan nan ya watse a bayana.

Saura kai, Usuman. Ran da na danna yatsa kana tsaye a damana, kai kaɗai ka iya Turanci, kai ka riƙe takardar ka ce, Baba sa hannu. Wata bai cika ba suka ɗauke ka aiki a ofishinsu. Ka karanta ko ba ka karanta ba? Kada ka jira a karanta wannan a kan gawata. Ina ɗakina, kunnena ɗaya na ji. Ka shigo ka amsa mini.