Muryar Baba Ka Tafi Da Ita Legas

Ƙanena Sanusi,

Assalamu alaikum. Ya gajiyar hanya, ya iyali? Mu nan Gummi lafiya lau, sai ɓacin ran da ka bar mini.

Ran da za ka koma Legas ka shiga zaure ka zare had-dis ɗin nan, ma'ajiyar bayanai, da ke jone da 'yar kwamfutar nan mai kamar tafin hannu, wai za ka zuba hotuna. Wa ka tambaya? Tun da zafi ya cinye mini katin memori biyu na mayar da kwamfutar tana tashi daga kan had-dis ɗin. Yanzu in na kunna, jar fitila kawai ke ci.

Karatun marigayi Baba da na kwashe daga kaset duk yana cikin had-dis ɗin, kuma kaset ɗin sun lalace. In kwamfutarka ta nemi ka goge shi, kada ka kuskura. Ka ba direban Gummi ya kawo.

Ka gaida matarka Hajara, a sa mu a addu'a. Kullum da hantsi Inna na cewa in kunna mata Malam, wato karatun Baba. Na ce gyara ake. Ran Juma'a zan daina yi mata ƙarya dominka.

Yayanka,
Lawali