Tabarma Daga Tagar Mahauci

Alhamis, 30 ga Oktoba

A yi mini afuwa. Ban ma san wa nake roƙo ba, tunda ni kaɗai zan karanta, amma ji nake kamar na faɗa ɗakin mutane ba sallama. Ni ba mai surutu ba ce, balle rubutu. Sai dai akwai abin da ba zan iya gaya wa Mama ba, ita kuwa takarda ba ta kallon mutum.

Jibi dokar tabarma za ta fara a filin golf, inda muke buga ƙaramin ƙwallo da sanda muna jefa shi a ramuka ɗaya bayan ɗaya. Daga farkon Nuwamba har ƙarshen Maris ba mai dukan ƙwallo a kan askakkiyar ciyawar tsakiyar fili, domin in sanda ta ɓantare ta a cikin sanyi ba ta sake tsirowa sai bazara. Mutum ya ɗaga ƙwallonsa, ya shimfiɗa 'yar tabarmar ciyawar roba, ya ɗora, ya buga. Wanda ba shi da ita, ya kai ƙwallon cikin doguwar ciyawar gefe ya buga daga can. Misis Geddes mai koya mana ta ce duk wadda za ta shiga gasar 'yammata ta ranakun Asabar ta zo da tata. Bana ne farkon shigata.

Shekaranjiya na faɗa muna cin abinci. Mama ta ce a sayo a shagon kulob. Baba ya ajiye cokali. "A sayo? Ciyawar roba? Ni da nake da ita shimfiɗe a taga tun ba a haife ki ba!"

Yau ya kawo ta. Daga wadda yake jera nama a kai a tagar shagonmu ya yanko. Ya wanke ta, ya ƙona gefunan da ashana kada su warware, ya huda kusurwa ɗaya ya zura ƙugiyar rataye nama don in maƙala a jikin jaka. A bayanta ya rubuta sunana, ISHBEL CARGILL, da alƙalaminsa na shago. Ta fi ta kulob kauri. Ta fi ta kore kuma, irin koren da ake hangowa daga nesa.

Yana tsaye yana goge hannu, ya ce, "To, gwanar sanda, ya kika gani?"

Na ce ta yi kyau. Ta yi kyau ɗin. Me ya sa ban yi murna ba, ban sani ba.

Asabar, 1 ga Nuwamba

Ba zan sake komawa ba. (Zan koma.)

An haɗa ni wasa da Catriona Ogilvie 'yar ajinmu. A rami na uku ƙwallona ya faɗi tsakiyar fili ɗas, har na ji daɗi. Na shimfiɗa tabarma, na ɗora, na ɗaga sanda. Sai ga wani kare mai dogayen kunnuwa daga hanyar bakin teku kamar an harbo shi. Bai kalli kowa ba. Ya kwanta a kan tabarmar ya shiga lasa, ƙwallona a ƙarƙashin cikinsa. Na ja, ya ja. Ya fizge ya yi wajen rairayi, ni a bayansa da sanda a hannu, mai shi kuma, tsohuwar nan Misis Tulloch, tana ta kwarmato: "Biskit! Biskit, kai ɗan banza, ajiye!"

Da ta ƙwato, sai ta kai hanci ta shinshina. "Ayya, ai ba laifinsa ba ne. 'Yar Cargill ce ke, ko? Ki gai da babanki, ki ce a ajiye mini ƙashi."

Catriona sai da ta zauna a ƙasa don dariya. Tana share hawaye ta ce, "Ishbel, don Allah a auna mini rabin kilo, ban da kitse."

Da yamma na bi ta ƙofar bayan shago kamar kullum. Baba ya fito mini da mit-fai mai zafi, gasasshen ƙullin fulawa da nama a ciki, ya zauna a kan akwati, ya ce in ba shi labari rami bayan rami. Bai taɓa riƙe sandar golf ba, Asabar ce ranar cinikinsa, amma haka yake yi duk ranar da na buga. Har gardama yake yi da ni kan abin da bai sani ba. Wannan zaman ya fi mini wasan kansa daɗi, ban taɓa gaya masa ba.

Ya ce, "Tabarmar fa?"

Na ce lafiya lau.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Wani ya yi haushin kare a bayana a kan matakalar makaranta. Ban waiwaya ba. A ajin lissafi kuma aka sake.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na jefar da ita.

Akwai duhuwar ƙaya a bayan rami na biyu, ta fi ni tsayi. Na tsaya kamar ina ɗaure takalmi har sauran suka yi gaba, na zare tabarmar daga jaka, na wurga da dukan ƙarfina. Na ji ƙarar ƙugiyar da ta faɗi can ciki.

Daga nan duk inda ƙwallona ya faɗi a wuri mai kyau, sai in ɗauka in kai shi cikin doguwar ciyawa. Ta jiƙe sharkaf, tana kama sanda kamar da hannu. Ni ce ta ƙarshe.

Baba ya ce iska ce, yau kowa ya sha wahala, ya ji a bakin masu sayen nama. Na ci mit-fai ɗin duka don kada in yi magana.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Misis Geddes ta tare ni. "Ishbel, ina tabarmarki? Kullum ina hango ki a cikin ciyawa kamar mai neman ɗan kunne." Na ce na manta ta a gida. Ta ce tana da wata a mota, in karɓa in riƙe har bazara.

Na ce a'a, na gode. Ta dube ni kamar ba ni da hankali.

Ban san yadda zan bayyana ba. In na karɓi wata, kamar na sake jefar da ta Baba ne. Gara in sha ciyawar. Safata ta jiƙe har gwiwa, yatsuna sun mutu. Ni ce ta ƙarshe kuma.

Lahadi, 14 ga Disamba

Wai Baba yana ba masu sayen nama labarin tabarmar. Mama ce ta faɗa tana dariya. Yana nuna musu gurbin da ya yanko ta, yana cewa ta kulob ba ta kama ƙafarta ba. Yau ya ce mini in akwai ƙawayena masu so, akwai sauran ciyawa, zai yanka musu. Sannan ya ce in kawo ta ya duba ko gefen ya fara warwarewa.

Na ce tana cikin akwatina na kulob.

Ƙarya tana fitowa daga bakina yanzu ba tare da na neme ta ba. Ni da ko aikin gida ban taɓa kwafa ba.

Laraba, 14 ga Janairu

Na daɗe ban buɗe nan ba. Yau dole.

Ina dawowa daga makaranta na bi ta gaban shago. Ban cika kallon tagar ba, amma yau idona ya kai. Gurbin ya cika. Tabarmata tana nan, shimfiɗe a wurinta na dā, tiren haƙarƙari a kanta. Ta ɗan koɗe, ta fi sauran ciyawar haske. Ga hudar a kusurwa, an cire ƙugiyar.

Baba yana ciki yana sara. Ya ɗago, muka haɗa ido ta gilashi. Ya ci gaba da sara.

A gida Mama ta gaya mini, ba ta kalle ni ba tana fere dankali. Mista Buchan mai kula da fili ne yake sassabe ƙaya jiya, ya tsince ta a tsakiyar duhuwa, ya ga sunan, ya kawo shago da kansa. Wai ya ce, "Shi ya sa tun Nuwamba nake ganin yarinyar nan tana fama a cikin ciyawa. Ƙila iska ce ta ɗauke." Baba ya ce, "Iska ce." Ya ba shi hanta don ladan kawowa.

Mama ta ce, "Iskar da ke zare ƙugiyar ƙarfe daga jaka, ban taɓa jin ta ba." 

Da a ce Baba ya yi mini faɗa, da ya fi mini.

Asabar, 17 ga Janairu

Na bi ta ƙofar baya. Mit-fai yana kan akwati, an rufe shi da faranti. Akwatin da Baba yake zama a kai. Na tsaya ina jin ƙarar injin niƙa nama daga ciki. Na ce, "Baba, na dawo." Ya ce, "Sannu. Aiki ya yi mini yawa."

Ba ƙarya ya yi ba, makon bikin hagis ne, tumbin tunkiya da ake ɗura wa niƙaƙƙen kayan ciki, kowa na so. Amma bara ma an yi makon hagis.

Na ci a tsaye. Ya huce.

Talata, 20 ga Janairu

Baba yana yi mini magana. "Miƙo gishiri." "Kin gama karatu?" Ya daina ce mini gwanar sanda.

Asabar, 24 ga Janairu



Da safe na goyo jakar sanduna, na shiga shago ta ƙofar gaba. Layi har bakin titi. Na bi layin kamar kowa. Jakar tana bugun mutane, ina ta ba da haƙuri. Misis Tulloch tana gabana, ta ɗaure Biskit a jikin fitilar titi a waje. Sau da yawa na so in juya, amma mutane sun toshe bayana.

Da layi ya zo kaina, Baba bai ɗago ba. "Me za a ba ki?"

Na ce, "Tabarmata."

"Ba na ji, inji na ƙara." Ya miƙa hannu ya kashe injin. Shagon ya yi tsit. 

"Tabarmata nake so, Baba."

"Wadda ke ƙarƙashin haƙarƙari?"

"Ita."

"Ta kwana biyu tana shan jini. Ta fi dā wari."

"Na sani."

"Duk karnukan garin nan za su raka ki har rami na ƙarshe."

"Na sani, Baba."

Ya daɗe yana kallona. Sai ya zagayo, ya shiga kwashe tirori daga taga ɗaya bayan ɗaya yana jerawa a kan kanta. Wani tsoho daga baya ya ce, "Cargill, a nan za mu kwana ne?" Baba ya ce, "Kwana mana, akwai wuri a firiji. Babbar kwastoma nake sallama." Aka yi dariya. Fuskata kamar an kara ta a wuta.

Ya ɗauraye ta a famfo, ya ɗauko ƙugiya daga aljihu, a aljihunsa take, ya zura. Ya jawo takardar naɗe nama, na ce ya bari, zan rataye ta haka. Yana miƙo mini ya yi ƙasa da murya, ni kaɗai na ji:

"Zancen karen nan, tun Litinin ɗin da ta biyo baya Misis Tulloch ta ba ni. Na yi dariya har na yanke yatsa. Na yi ta jira ki zo ki faɗa mu yi tare."

Na rataye ta a jikin jaka. Na fita. Biskit ya hango ni, ya kusa tuge fitilar titi.

Lahadi, 25 ga Janairu

Jiya na buga a kanta. Ƙwallo yana tashi tsaf, har na manta haka yake tashi. Ban yi ta ƙarshe ba, akwai mutum biyu a bayana. Catriona ta ce, "An dawo da reshen shago ke nan?" Na ce eh. Ta jira in ƙara wani abu, ban ƙara ba, sai ta buga nata. Kunnuwana sun yi zafi har muka gama. Kada a ɗauka na daina jin kunya. Ban daina ba.

Da na dawo cinikin bai lafa ba, ba mu samu zama ba. Sai yau bayan abincin rana, Baba yana bayan jarida, ya ce kamar da jaridar yake magana, "Wai ana barin 'yan kallo a wannan gasar taku?"

Mama ta ce ita za ta iya tsare shago na ɗan lokaci, in dai ba za a sa ta sara ƙashi ba.

Da motar shago zai zo, ba mu da wata. Wadda aka zana wa alade mai hular kuku yana murmushi. Za a ajiye ta a gaban kulob, kusa da motar su Catriona. Kuma Baba ba ya iya magana a hankali, zai yi tafi a inda ba a tafi. Duk na hango wannan kafin ya rufe baki.

Na ce ana bari. Ya ce to, zai tsaya can nesa wajen bakin teku, ba zai dame mu ba.

Na ce daga can ba a ganin komai. Ya zo rami na farko, nan kowa ke tsayawa.

Ban san wa ya ce in faɗi haka ba. Ya juya shafin jarida, na ga ya riƙe shafin wasannin doki, shi da ba ruwansa da doki.

Asabar dai da saura. In ba a gaji da ni ba, a bar mini shafin gaba.