Sun Shimfiɗa Min Buzunka

Yaya Sule,

Assalamu alaikum. Na san ba za ka karanta wannan ba. Ko kana da rai ma sai dai in karanta maka, kana katse ni.

Yau kwananka arba'in da biyu. Kowa lafiya, sai matarka Hajiya Ladi da ciwon ƙafa ya matsa wa. Ruwan damina ya sake shigo mana gida, ya kai gwiwa a ɗakinta, sai da aka kwashe ta zuwa unguwar Bonamoussadi wajen ɗanka Bashir.

Tun da ka tafi ba wanda ya ƙara ce min Ƙarami. Shekara hamsin da takwas ina amsa sunan nan. A ofis shef ake ce min, wato shugaba, amma da na shigo gidanmu na unguwar New Bell ni ne mai miƙo maka butar alwala. Ka tuna ranar da ka taso daga shagon ɗinkinka na Nkololoun, ka zo ofishina, ka aike ni sayen goro a gaban ma'aikatana? Na je na sayo. Amma wata guda na yi ina jin haushinka, ban taɓa faɗa maka ba.

Yanzu sun shimfiɗa min buzunka a zaure. In an zauna sai kowa ya yi shiru yana kallon bakina, ni kuma in waiwaya ina jiran ka fara. Ashe zama ƙarami hutu ne. Duk ƙorafin da nake yi wai ba ka barina in yi magana, ɓuya nake yi a bayanka. In abu ya ɓaci, kai ake zagi.

Ranar Juma'a za a taru kan maganar gidan. Yaranka suna so a sayar. Ƙannenmu mata sun ce ka rantse ba za a sayar da gidan Baba ba, kuma ni ma na ji da kunnena. Sun bar min hukunci. Wa zan tambaya, Yaya?

Na gaji, wallahi. Na ga Hajiya Ladi an ɗauko ta a kan kujera cikin ruwan kwata, tana rufe fuska don kunya. Zan ce a sayar. Ban taɓa saɓa maka ba kana da rai, sai yanzu da ba ka da bakin tsawata min. Wannan ne ya fi yi min ciwo.

Ka yafe min. Allah ya haskaka kabarinka.

Ƙaninka,
Umaru