Na Ɓoye Takardar Uzurin Hajiya Tana Cikin Takaba

Assalamu alaikum Edita, tare da masu karanta wannan fili. Ina roƙon a sakaya sunana, a kuma ji ƙarshen zancen kafin a yanke mini hukunci.

Ranar Alhamis ce, jajiberin kasuwar Wudil, da misalin ƙarfe huɗu da rabi na yamma. Mu uku ne a ofis: Ciyaman, da mataimakinsa, da ni. Ni ne sakataren hukumar daraktocin wani kamfani da ke sayar wa manoma iri da taki, daga nan har Achika da Dagumawa. Daraktoci tara ne, mace ɗaya ce a cikinsu, zan kira ta Hajiya. Mata masu yin man gyaɗa da ƙuliƙuli ne suka haɗa hannun jarinsu suka tsayar da ita.

Irin gyaɗa ne ya haɗa ta da Ciyaman. Bana samari sun bar gona sun tafi birni leburanci, inda kuɗin man fetur ke zuba, sai iri ya yi kwantai a sito, kuma duk an cuɗe shi da maganin ƙwari. Ciyaman ya kawo shawarar a karya farashi a kai kasuwa. Hajiya ta ƙi. Ta ce su maza ba su san wa ke sayen gyaɗa mai araha bayan shuka ta wuce ba. Mata ne, za su wanke ta su soya, yara su ci. Wasu daraktoci suka goyi bayanta, aka ɗage maganar. Ba a yi mako biyu ba mijinta ya rasu, ta shiga takaba.

A ranar Alhamis ɗin nan Ciyaman ya tambaye ni ko akwai wata hanyar da za a kau da Hajiya daga hukumar. Da na ce babu, da shi ke nan. Amma da hannuna na buɗe kundin dokokin kamfani, na nuna masa inda aka ce duk daraktan da ya yi fashin zama uku a jere ba tare da rubutaccen uzuri ba ya rasa kujerarsa. Ya yi murmushi ya ce, "Malam Sakatare, ashe karatunka bai tashi a banza ba." Aka sa zama uku cikin wata biyu, alhali da can sai a yi wata uku ba a zauna ba.

Sai dai Hajiya ta rubuto uzurin. Wata dattijuwa maƙwabciyarta ce ta kawo mini har gida, an rubuta shi da ajami. A ƙasa ta ƙara layi ɗaya: "Ɗana, don Allah kada buhunan nan su fita kafin in fito." Na kai wa Ciyaman, mu biyu kaɗai. Ya jujjuya takardar, ya ce fayil ɗin kamfani boko ya sani, ajami sai zaure, ya miƙo mini abata. Sau uku ina rubutawa a littafin zama cewa ba ta zo ba kuma ba ta aiko da uzuri ba. Wa ya tilasta mini? Ba wanda ya ko ɗaga mini murya. Ba ni ne na je ta'aziyya na zauna a tabarmar ƙofar gidanta ina cewa Allah ya ba da haƙuri ba?

A zama na uku aka ba surukin Ciyaman kujerar, aka kuma amince a sayar da irin. Mota biyu sun riga sun tafi da shi kasuwar Kausani, saura yana sito. Ban ji labarin komai ba tukuna. Amma na hana sayen ƙuliƙuli a gidana, da matata ta tambayi dalili na ce cikina ne ba ya so. Duk yaron da aka ce yana amai a unguwa, sai na tsaya na tambayi abin da ya ci.

Takardar tana nan a wurina. In na fito da ita, kujerar Hajiya za ta dawo, sauran buhunan kuma ba za su fita ba. Amma rubutuna ne a littafin, kuma na san Ciyaman zai ce bai taɓa ganin takardar ba. In kuwa na yi shiru, motoci za su dawo su kwashe sauran. Jama'a, me zan yi?

Shekaranjiya Hajiya ta fita takaba. Yau da safe dattijuwar nan ta dawo, ta ce Hajiya tana gaishe ni, tana tambaya yaushe ne zama na gaba.