Ka Wuce Tsinken Ba Da Ni Ba

Ya kai tsohona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randata mai sanyi, mai sanƙon da ke haska mini ɗaki ko an ɗauke wuta! Ina gaishe ka gaisuwar matar da ta shekara arba'in da ɗaya tana jin minsharinka kamar hadari ya taso, ba ta taɓa kai ƙara ba. Yau kam na kawo ƙara, kuma gabanka na kawo ta, don ba ni da wani alƙalin. Ka yi haƙuri da rubutun. Ka san a aji huɗu na tsaya, ga kuma jikanka Sarkin Kuka goye a bayana yana jan ɗankwalina.

Takardar nan a cikin littafin da kake karanta mini, a shafi na ɗari biyu da sha ɗaya na saka ta. Tsinken tsintsiyar da muke sa alama da shi kuwa yana can shafi na tamanin da shida, inda ka rufe mana jiya. To me ya kawo ka nan, bawan Allah? Wa ya rako ka?

Ka tuna shekarar da 'yarmu ta fari take haƙori? Ɗaki ɗaya gare mu, igiyar shanya ta ratsa tsakiyarsa. Ina durƙushe kan baho ina wankin ƙyallayenta, kai kana zaune a bakin gado da littafi, kana karanta mini da ƙarfi, ƙafarka ɗaya tana jijjiga yarinya. Muryarka a lokacin kamar ruwan farkon damina a kan kwano! Da na ce ka ci gaba kai kaɗai tunda hannuna bai huta ba, sai ka zaro tsinke daga tsintsiyata ka sa a tsakiyar littafin, ka ce, "Ba zan taɓa wuce nan ba sai da ke." Ban sa ka rantse ba. Kai ka faɗa da bakinka, lokacin haƙoranka suna nan cikakku.

Yanzu yarinyar mai haƙori ta tafi karatun aikin jinya, ta bar mana uku reras: Gimbiya, da Mai Tambaya, da wannan na bayana. Na koma wanki da goyo da tsufana. Daga asuba har rana ta faɗi, wannan ya zubar, wancan ya haɗiye, waccan ta ciji wancan. Abin da ya rage nawa a duk yinin shi ne ɗan lokacin nan bayan la'asar, in sun ɓingire a tabarma, ka gyara tabarau ka buɗe sabon littafin da surukinmu ya aro maka, na likitar nan da ta bar mijinta ta koma garinsu. Rabin awa, hasken idona. Shi ma ka kai wa wata!

Kana tsammanin ban gane ba? Na san karatunka kamar yadda na san tarin kowane yaro a gidan nan. In wuri sabo ne a gare ka, tuntuɓe kake yi, ka koma baya, ka ce "Kai!" kafin ka gaya mini abin da ya faru. Jiya kuwa sulu-sulu kake tafiya kamar mai bin hanyar gidansu. Sannan ka zaro hankici ka goge ido, alhali a shafin ana tsakiyar raha, kowa na dariya. Sai da muka juya shafi biyu uwar likitar ta faɗi. Ka yi kukan mutuwa tun mai mutuwar tana shan shayi! Ni kuma na zauna baki buɗe kamar baƙuwa, ina cin sauran abin da kuka ci kuka rage.

Da safe na tambayi Mai Tambaya abin da kakansa ke yi in ya je ɗauko su daga makaranta. Ya ce, "Yana zama a gindin bishiya yana yi wa littafi murmushi." Ashe shi ya sa kake fita tun saura awa guda a tashi, wai kana gudun cunkoso! Wane cunkoso, a hanyar da akuya ke barci a tsakiyarta?

Me take da shi, don Allah, wannan likitar? Na ji tana da mota, tana da dogon wuya, tana magana kamar rediyo. Ta taɓa cire maka ƙaya a tafin ƙafa? Ta san gwiwar da ke maka ciwo in gari ya yi sanyi? Macen takarda, wadda in Sarkin Kuka ya yi mata fitsari sau ɗaya ta narke! Amma ita ake yi wa murmushi a gindin bishiya, ni kuwa in na shigo sai a ce, "Ina kika ajiye mini silifas?" Wallahi zuciyata tafasa take kamar tukunyar da aka manta a wuta.

Bari in gaya maka abin da ban so faɗa ba. Na ɗauki littafin ɗazu, na ce ni ma zan bi ku da ƙafata. Na sa yatsa ina bin baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Kafin in kai ƙarshen shafi Gimbiya ta kira ni sau huɗu, idona ya yi ruwa, farkon ya ɓace mini. Na gane kalmomin, amma mutanen ba su yi motsi ba. A bakinka kawai suke tashi su yi tafiya. In ka wuce ka bar ni, ba ni da wata hanyar shiga, tauraron asubata. A bakin ƙofa zan tsaya da goyo, ina jin dariyarku daga ciki.

Saboda haka ka juya zuwa ƙarshen littafin. Ka gani? Babi uku babu. Da sabuwar reza na bi zaren a hankali na zare su, ko harafi ban taɓa ba. Suna wurin da hannunka bai taɓa zuwa ba tun da aka kawo ni gidan nan, kuma kada ka wahalar da yara, ba su sani ba. In kana son sanin ko likitarka ta koma wa mijinta, ka dawo shafi na tamanin da shida, ka zauna kusa da ni, ka bi da ni a hankali har inda ka tsaya. Ranar da muka iso tare, zan miƙo maka su ɗaya-ɗaya, ka yi tuntuɓenka, ka ce "Kai!" ina ji. Daga baya in ɗinke littafin tsaf, surukinmu ba zai taɓa ganewa ba. In ma ya gane, kai za ka yi bayani.

Ni dai taka ce, jiya da yau da ranar da za a ɗauki ɗayanmu a bar ɗaya. Ko kogi ya koma tudu ba zan canza ba.

Tsohuwarka mai kishi, wadda babi ukun nan ke hannunta tun safe, ba ta leƙa ko da ido ɗaya ba, kuma ba za ta leƙa ba sai ka zauna.