Kwanon da Na Saya

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Kalilu direba ya aike ni in ɗauko sifana a gaban motarsa. Ƙarƙashin kujera na tarar da wata farar roba ta ƙwayoyi, an naɗe ta cikin safa. Wa ke ɓoye maganin zazzaɓi a safa? Na kwafi sunan a tafin hannuna, na buga a waya. Maganin ƙanjamau ne.

Shekara biyu muna cin tuwon Nagoggo mai abinci a kwano ɗaya. Kofin shayinmu ma ɗaya.

Talata, 8

Na sayi kwano na kaina, mai murfi. Nagoggo ta kalli kwanon ta kalle ni. "Lado, mi ya haɗa ka da ɗan'uwanka?" Na ce mura nake yi. Kalilu ya ci rabin nasa ya rufe.

Na baro Gombe don in yi gyaran manyan motoci in ciyar da matata Hasiya da yara, ba don in kai musu wannan ba. Garin nan ƙarfina ya cinye, yanzu kuma har da wannan.

Alhamis, 10

Neman bayani a bakin iyakar nan azaba ne. In na tsaya gefen gareji sai waya ta kama sabis ɗin Nijar, in na matsa ta ɗauke gaba ɗaya. Bayan masallaci kaɗai take tsayawa. Abin da na fara samu: wani mai rawani a bidiyo yana sayar da jiƙo, wai kwana arba'in an warke. Wani ya ce sauro ma na ɗauka. Wani shafin duk Faransanci. Na kashe wayar.

Hasiya ta kira, ta ce muryata ta canza. Na ce gajiya.

Lahadi, 13

Ranar kasuwa, aiki har wuya, amma na saci lokaci bayan Azahar. Yarinyar nan Abu mai cajin waya, wadda ta yi makarantar kiwon lafiya kafin aure, ta ga ina ta dangwale-dangwale. Na ce wani abokina ne a Gombe nake nema wa bayanin ƙanjamau. Ta ce, "Baba Lado, duk wanda ya sa lambar waya ƙarƙashin bayani, kasuwarshi yake ci. Nemi shafin hukumar lafiya, ka duba kwanan wata, ka ga ko wani shafin ya hwaɗi haka nan." Ba ta tambaye ni sunan abokin ba. Allah Ya yi mata albarka.

Shafi uku na karanta, ɗaya da Hausa, biyu waya ta fassara mini. Bakinsu ɗaya. Ba a ɗauka ta abinci, ko kofi, ko gaisawa, ko sauro. Ta jini ne, da saduwa, da uwa zuwa jariri. Mai shan maganinsa kullum yana iya tsufa kamar kowa. Sau huɗu na karanta layin abincin. Sai na ji yunwa, karo na farko tun Litinin.

Sun yi maganar reza da allura. A nan na tsaya.

Litinin, 14

Reza. Duk Juma'a sai na roƙi Kalilu rezarsa, duk Juma'a sai ya hana. "Sayi taka, ɗan Gombe, kanti bai ƙone ba." Har suna na sa masa a gareji, Mai Rowar Reza, mutane suna dariya, shi ma yana yi. Ranar da ya yanke a hannu muna sauke giyabos, na kawo tsumma, ya daka mini tsawa in matsa. Kwana biyu ina fushi.

Ashe shekara biyu mutumin nan yana tsare ni, ni kuma ina zaginsa.

Laraba, 16

Na je asibiti duk da haka. Digon jini a yatsa, zaman minti ashirin a benci. Babu. Alhamdulillahi. Na fito na zauna ƙarƙashin dalbejiya. Na kira Hasiya, na yi ta surutu kan akuyarta har ta ce lafiya kuwa?

Har yanzu ina ganin da Kalilu ya faɗa mini. Amma da ya faɗa, me zan yi? Abin da na yi ɗin nan.

Juma'a, 18

Kalilu ya dawo daga Maraɗi. Nagoggo ta miƙo hannu in ba ta kwanona, na ce na manto shi. Ta zuba mana a tsohon. Kalilu ya daɗe yana wanke hannu. "Murar ta sake ka?" Na ce ta sake ni. Ya turo mini tsokar da ke gefensa, na mayar masa, shi ya fi buƙata.

Sabon kwanon yana gareji, na zuba notocin mota a ciki. Dama murfinsa bai zauna daidai ba.