Zan Je Wajen Sani

Daren Talata, 14 ga Nuwamba, 2006

Kwana shida ke nan injin casar shinkafata babu mai riƙe shi, ga kaka ta kama. Yau na gwada mutum na uku. Ko ƙwaya ɗaya bai ciza ya ji ko ta bushe ba, ya juye shinkafar Hajiya Talatu, ta fito a kakkarye kamar tsaki. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, gobe Bunkure zan kai."

Wallahi na rasa inda zan sa kaina. Duk Kura, ƙanena Sani ne kaɗai ke gane ciwon injin nan daga ƙararsa, shi kuma shi na kora bara a gaban mutane. Da asuba zan je in durƙusa wa yaron da na goya.